Bulalar da Takwararki Ta Ƙi Ɗauka

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙani zuwa ga yayarsa, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon gwiwar da kika ambata, ya sa kaffara ne. Mu ma nan muna lafiya, sai godiyar Allah. Inna tana nan da ƙarfinta. Idon da aka yi mata aiki ya washe, har tana zura zare a allura da kanta, tana yi mana gorin cewa mu masu ido biyu sai mun lalube. Maman yara ta koma aikin safe a wurin wanki da guga, ba ta dawowa sai bayan azahar. Autanmu ya fara tafiya, duk abin da hannunsa ya kai sai ya jawo shi ƙasa. Aikin shago kuma yana tafiya daidai gwargwado, tagogi ba sa daina fashewa a duniya.

Takardarki ta iso ranar Litinin ta makon jiya. Na karanta ta sau uku, na ajiye ta kwana takwas ban amsa ba, domin ban san amsar ba sai jiya. Kin ce tunda 'yata, takwararki, ta kasa lissafi, ga jarrabawar fita firamare saura wata huɗu, in turo miki ita ta zauna a shagon ɗinkinki ta koyi sana'a, kada a yi biyu babu. Kin kuma ce kafin nan in ƙara matsa mata, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma da bulalar Baba muka zama mutane. Na san don ƙauna kika faɗa. Amma labarin da Inna ta ba ki a waya, wai yarinya ta zame a shago gilashi ya yanke ta, ba shi ne duka ba. Inna abin da aka gaya mata ta gaya miki. Kin san ni da littafin nan nawa da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, wanda kike cewa ko tari na yi sai na sa masa kwanan wata. Yana buɗe a gabana yanzu, daga cikinsa zan ba ki labarin, don kada in gyara wa kaina komai.

Malamin lissafin aji shida mutum ne dogo mai tabarau, yara suna kiransa Malam Miƙo-Hannu, ba a gabansa ba. Yana da tsarin da yake bi kowace safiya. Zai jefa tambaya da baki, ya nuna yaro da bakin bulala, ya ƙirga zuwa biyar. Wanda ya faɗi ya fito gaban allo ya tsaya. Haka zai yi ta nunawa har a sami wanda ya ci. Shi wanda ya cin, shi ake ba bulala ya bi layi ya zuba wa kowa ɗaya a tafin hannu. In ya yi da sanyin hannu don tausayi, malam ya karɓa ya nuna masa a jikinsa yadda ake yi. Na san da wannan tsari tun farkon shekara, Yaya, ban kuma ga laifinsa ba. Da ƙafata na je na same shi, na ce ga 'yata nan, kanta da nauyi a lissafi, ya hukunta ta yadda ya ga dama, idonta kawai nake so ya bar mini. Ya yi dariya, ya ce da iyaye duk irina ne da ƙasa ta gyaru. Na rubuta maganar tasa a littafi a daren, har na ja layi a ƙarƙashinta don daɗin da na ji.

Da sakamakon gwajin farko ya fito ta sami uku cikin ashirin, sai na ce abin na makaranta bai isa ba, bari in ƙara nawa. Kullum in na dawo daga shago kafin magariba, sai in zaunar da ita a kan tabarma a ƙofar ɗaki, in ba ta tambaya goma, in tsaya a kanta. Kin san baƙar robar nan doguwa da muke cusawa tsakanin gilashi da ƙarfen taga don kada ya yi motsi. Guntunta na yanko, kamu uku. Kowace tambaya ta faɗi, ɗaya a ƙafa. Robar nan ba ta da ƙara, amma tana naɗe ƙwauri ta bar shaida. Maman yara ta yi magana tun a makon farko, ta ce yarinyar nan ta fara fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara huɗu. Na ce mata ita ce take ɓata ta da shagwaɓa. Kowace rana sai na rubuta, tambaya goma, ta faɗi kaza, bulala kaza. Yamma talatin da takwas na yi ina wannan aiki, a tsare, kamar mai ba da magani.

Ranar wata Asabar da tsakar rana aka aiko ta ta kawo mini abinci shago. Akwai wani ɗan kwangila a zaune, babban mai ba ni aiki, mutum mai yawan barkwanci. Ya tambaye ta aji nawa take, ta faɗa. Ya ce to 'yar aji shida, bakwai sau takwas nawa. Ta tsaya da kwanon abinci a hannu, leɓenta yana motsi, babu abin da ya fito. Idonta ba a kansa yake ba, a kaina yake. Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ashe gidan mai awo ma akan kwana ba ma'auni, ya ce in yi hankali kada wata rana ta auna mini taga ta fito ƙofa. Wasa yake yi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, daga kunyar sai zuciya. Ban san lokacin da na fizgi robar da ke rataye a ƙusa ba. Ta farko ta same ta a kafaɗa. Da na ɗaga ta biyu sai ta yi tsalle da baya, ga babban faifan gilashi a jingine da bango, wanda ya fi ni tsawo. Gwiwar hannunta ta shige cikinsa. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena. Rabinsa na sama ya sulmiyo kamar wuƙa, ya tsarge mata hannun dama daga ƙasan gwiwa har kusa da wuyan hannu.

Shekara ashirin ina yankan gilashi, na ga jini, nawa da na wasu, amma ban taɓa ganin ya fita haka ba. Ya wanke mata siket, ya cika murfin kwanon da ya faɗi, ya bi tsagin siminti. Na cire rigata na ɗaure hannun, ɗan kwangilar ya zuba mu a motarsa. Ba ta yi kuka ba. Ina riƙe da ita a baya, sai na ji tana magana ƙasa ƙasa. Na sunkuya. Cewa take in yi haƙuri, hamsin da shida ne, ta tuna yanzu, hamsin da shida ne. Ta yi ta maimaitawa har muka isa asibiti. Yaya, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ɗinki tara aka yi mata. Nas ɗin wata dattijuwa ce mai kaifin ido. Ta tambayi yarinya yadda aka yi, ta ce zamewa ta yi. Matar ta ja wuyan rigarta ta ga sabon tabo a kafaɗa, ta ɗaga siket ta ga tsofaffi a ƙwauri jere kamar layin littafi. Sai ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce lallai santsin shagonku gwani ne, har bulala yake riƙewa. Ta ce da gilashin ya ƙara rabin yatsa zuwa ciki, da ba ɗinki muke magana ba. Maman yara kuwa kwana uku ba ta ce mini ci kanka ba. A rana ta huɗu ta ɗauko robar da nake ajiyewa a gida, ta zauna a gabana da almakashi, ta yanka ta gutsi-gutsi, ta zuba mini a cinya. Ta ce tunda ni mai son lissafi ne, in ƙirga.

Na ƙirga, amma ba robar ba. Na koma littafina na bi yamma talatin da takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. A makon farko tana faɗuwa huɗu cikin goma, wata rana uku. A mako na uku shida. A makon ƙarshe takwas, tara, tara, akwai ranar da ta faɗi duka goman. Bulala ɗari biyu da talatin da ɗaya. Abin yana rubuce da hannuna, kullum yana ƙara lalacewa, ni kuma kullum ina ƙara hannu, ban taɓa juya shafi baya na duba ba. In ma'auni ya nuna mini taga ta karkace ba na gardama da shi, amma wannan na kwana talatin da takwas ina kallonsa ban gani ba. Kin ce bulalar Baba ce ta mai da mu mutane. Wataƙila. Amma ke ce kike jiƙa mini hannu a ruwan sanyi a bayan ɗaki, kin san yadda yake kumbura. Abin da ba ki sani ba shi ne har yau, ina da shekara arba'in da ɗaya, in mai aiki ya tsaya a kaina ina lissafin awo, gumi nake yi, sai in ce masa ya je ya dawo.

Likita ya ce ta huta mako biyu, ba rubutu. Uwarta tana wurin aiki da safe, Inna kuma autan ya ishe ta, dole sai shago, wurin da abin ya faru. Na sa mata kujera a bakin ƙofa, nesa da kowane gilashi. Kwana uku tana zaune kamar an dasa ta, in na miƙa hannu zan ɗauki guduma sai ta ƙanƙame jiki. Ban yi mata maganar lissafi ba, ban ma san ta inda zan fara ba. To, aikinmu yana da doka guda. In ka ɗora abin yanka a kan gilashi ka fara jan layi, ba ka ɗaga kai, ba ka tsayawa, ba ka waiwaye, ko sunanka aka kira. In ka tsaya a tsakiya, gilashin ya karye inda ya ga dama. Ni kuma ina da ɗabi'ar magana da kaina in ina aiki. Rana ta huɗu na duƙa a kan tebur, bayana yana wajenta, ina jan layi ina gunaguni, faɗin tagar can santimita ɗari da ashirin da shida, gida uku za a raba, kowane gida nawa ke nan. Ban gama jan layin ba na ji wata 'yar murya a bayana ta ce arba'in da biyu.

Da na gama na juyo, sai ta daskare, ta sunkuyar da kai, ta ce ba ita ba ce. Na ɗauki fensir na buga a jikin katako, arba'in da biyu. Na ɗauko wani faifan. Da na duƙa na fara ja, sai na sake jefa wata tambayar kamar da kaina nake. Ta daɗe, na kusa kai ƙarshen layi, sannan ta amsa, daidai. Na gwada juyowa in tambaye ta ido da ido, abu mai sauƙi, shida sau huɗu. Leɓe ya fara rawa, babu komai. A ranar na rubuta a littafi cewa yarinyar nan ba lissafi take tsoro ba, fuskar mai tambaya take tsoro. Na sa alamar tambaya a gefe, domin ban yarda da kaina ba. Sai da na gwada kwana biyar a jere sannan na goge alamar.

Kada ki ɗauka cewa nake ashe gwana ce a ɓoye. A'a. Tana da nawa, kuma akwai ramuka da yawa a karatunta, sau bakwai da sau takwas ba su zauna ba, rabawa mai saura tana rikita ta. Amma in aka ba ta lokaci, aka kawar da ido, tana isa. Sannu ba ta hana zuwa. Haka muka yi sauran kwanakin, ni ina ba ta baya, ita tana ba ni amsa. In ta faɗi ba na cewa ta faɗi. Sai in ɗauki guntun gilashin da ba shi da amfani, in yanka shi a kan awon da ta faɗa, in goge bakinsa, in ce ta gwada a jikin ƙarfen taga da hannun hagu. In ya ƙi shiga ko ya yi lilo, ita da kanta take cewa a sake. Wata rana na kai ta bayan shago na nuna mata tarin gilasan da ni na yanka ba daidai ba, na buɗe mata shafin da nake rubuta su. Ta duba ta duba, ta ce ashe Baba a watan jiya sau biyar ka faɗi, wa ya dake ka. Na ce babu. Ta yi dariya, ta rufe baki da sauri. Rabon da in ji dariyarta a kusa da ni har na manta.

Ranar da za ta koma makaranta na raka ta, na sami malamin, na ce na janye maganar da na yi a farkon shekara, kada ya ƙara dukanta. Ya cire tabarau yana gogewa, ya ce ku iyayen zamani sai a hankali, yau ku ce a daka, gobe ku ce a lallaɓa, in yaro ya faɗi jarrabawa kuma malam ne bai iya ba. Amma ya ce ya ji, ba zai taɓa ta don ta faɗi tambaya ba. Na tafi ina ganin na gama aiki. Mako biyu aka yi lafiya, yana tsallake ta in yana nuni.

Ranar Laraba ta makon da ya gabaci na jiya, malamin ya jefa tambaya, ɗari da arba'in da huɗu a raba gida shida. Abin da zan gaya miki daga bakinta na ji, na kuma ji daga bakin ƙawarta, 'yar mai askin da ke jikin shagona, wadda suke zama benci ɗaya. Yara tara suka faɗi suka fita gaban allo, har da ƙawar. Da ya rasa wanda zai nuna sai ya nuna ta, wai bari mu ji 'yar lallaɓa. Ta rufe ido. Ya kai huɗu a ƙirga ta ce ashirin da huɗu. Ya ce me ta ce. Ta sake faɗa. Tun da aka shiga aji shida ba ta taɓa ci ba sai ranar. Sai ya miƙa mata bulala, ya ce bismillah. Ta farko a layi ita ce ƙawar nan, wadda ta yi mako biyu tana kwafa mata darasi tana kawowa shago, take kuma ɗaukar mata jaka tun da ta koma. Yarinyar har ta miƙa hannu, tana yi mata raɗa ta daka kawai ba komai. Takwararki ta dubi bulalar, ta sa hannunta biyu a baya, ta ce ba za ta iya ba, ta san yadda yake da zafi.

Ya ce dokar aji ce, wanda ya ƙi bayarwa shi zai karɓi rabon kowa. Ya ce alkawarin da ya yi wa ubanta na faɗuwa ne, wannan kuwa taurin kai ne. Ya kama hannun hagu ya fara. A ta biyar zafi ya sa ta kawo hannun dama ta tare, bulala ta sauka a kan tabon ɗinkin, ƙarshensa ya buɗe. Ya ga jinin, amma sai da ya cika tara. Sannan ya ce ta tafi gida a wanke mata.

Shago ta zo. Tafin hagu ya kumbura ya yi baƙi, jini yana bin yatsun dama yana ɗiga. Amma abin da ta fara ce mini shi ne, Baba na ci, ashirin da huɗu, ni kaɗai na ci. Yaya, ban tsaya na ce mata madalla ba. Wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Na ɗaure mata hannu da tsumma, na fita ko shago ban rufe ba, tana bina da gudu tana kirana. Na wuce mai gadi, na shiga ajin yana rubutu a allo. Na cafki wuyan rigarsa na buga shi da allon, tabarau ya faɗi na taka. Na kai masa naushi a baki, na ji haƙorinsa a ƙashin hannuna. Ya zube a kan gwiwa. Na ɗauki bulalar tasa na shiga zuba masa a gadon baya, ban san ko nawa ba, ni da nake ƙirga komai. Yara suka hau kan benci, wasu suna kuka, wasu suna cewa in ƙara masa. Sai da mai gadi da malamai biyu suka rirriƙe ni ta baya suka murɗe mini hannu.

Ina haki na waiwaya ina nemanta. A raina ina tsammanin zan ga ta ji daɗi, ubanta ya rama mata. Na same ta a tsugune a bayan ƙofar aji, ta ɗora hannuwan nan biyu masu ciwo a ka, ta runtse ido. Daga baya ta gaya wa uwarta cewa da ta ga fuskata ba ta san a kan wa zan ƙare ba. Laifi tudu ne, Yaya. Na taka nawa na je dukan wani a kan nasa.

Shugabar makarantar ta kira mu washegari. Mace ce gajeriya, ba ta ɗaga murya. Ta zaunar da mu, shi da kumburarren leɓe, ni da hannu a naɗe. Ta ce yau ga ta da manyan maza biyu da hannunsu ya fi bakinsu sauri, kuma duk a kan yarinya ɗaya 'yar shekara goma sha ɗaya suka koyi jarumta. Ta ce tana iya kira mini 'yan sanda, tana iya kai shi gaban hukumar makaranta, amma duka biyun ba za su koya wa kowa rabawa ba. Ta yanke cewa daga ranar yaro ba zai ƙara dukan yaro a makarantarta ba. Shi ta ba shi gargaɗi a rubuce. Ni kuma in sake masa tabarau, in tsaya a gaban ajin da na dake shi in ba shi haƙuri, in ba haka ba in tafi da 'yata. Ta kuma gaya mini gaskiya, ba ta da wani malamin lissafi na aji shida, a gabansa yarinya za ta zauna har jarrabawa. Ranar Litinin da safe na je na tsaya a gaban yara arba'in na ba shi haƙuri. Bai ko dube ni ba. Bulalar kuma tana nan a kan teburinsa, ba zan yi miki ƙarya ba.

Da na dawo a ranar na tarar da takardarki. Na ga kamar Allah ne ya kawo mafita. Ta yaya yarinya za ta yi wata huɗu a gaban mutumin da ubanta ya fasa wa baki. Har na tambayi ranar da mota take zuwa wajenku. Amma maman yara ta ce duk abin da aka yi wa yarinyar nan ba a taɓa tambayarta ba, wannan karon a tambaye ta. Na tambaye ta. Ta ce a bari ta yi gwajin ranar Alhamis tukuna.

Jiya aka raba musu takardun. An rubuta mata sha ɗaya cikin ashirin. Ta zauna ta ƙirga alamun da ya yi mata na daidai, ta ga sha biyu. Ta sake ƙirgawa sau biyu. Ƙawarta ta mintsine ta a cinya, ta ce ta rufa wa kanta asiri, ɗaya ai ba komai ba ne. Ta tashi. Ta taka daga benci na huɗu har gaban teburin, ta ajiye takardar a gefen bulalar, ta ce Malam a duba, kamar an yi kuskure a tarawa. Ya dube ta ta cikin sabon tabarau ya daɗe. Ya ɗauki jan biro ya bi alamun ɗaya ɗaya, ya koma ya sake bi. Sannan ya soke sha ɗaya ya rubuta sha biyu, ya tura mata takardar, ya ce lallai yanzu an yi baki. Ta ce ta gode, ta koma ta zauna.

Don haka ga amsata, Yaya, kuma tata ce kafin ta zama tawa. Ba zan turo ta ba. Ta ce za ta zo miki da hutu, ki koya mata keken ɗinki, amma jarrabawar nan za ta zauna ta. Sha biyu cikin ashirin ba abin buga ganga ba ne, ban kuma sani ba ko wata huɗu za su isa a cike ramukan da suka rage. Ban san ko malamin zai riƙe hannunsa ba. Nawa hannun ma ban gama yarda da shi ba, shi ya sa nake roƙon ki sa ni a addu'a fiye da yadda za ki sa ta. Amma yarinyar da ta taka zuwa teburin nan da ƙafarta, ba ni da ikon in ce mata ta kasa. In kin kira Inna kada ki tayar mata da maganar, ni zan gaya mata da bakina a cikin makon nan, in Allah ya yarda.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ya riƙa shan maganinsa ko ya ji sauƙi. Ki gaida babban ɗanki da matarsa, da 'yan biyunki, da surukarki in kin je wurinta. Inna tana gaishe ki, ta ce kin yi mata alkawarin hoton jikanta har yau shiru. Maman yara tana miƙo gaisuwa, autan ma da ya iya magana da ya aiko. Takwararki tana zaune kusa da ni, hannun bai gama saɓewa ba da ta rubuta da kanta. Ta ce in gaishe ki, in kuma gaya miki ko wani ya ba ki labari daban, sha biyu ne, ba sha ɗaya ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki mai neman addu'arki.